Yadda Matafiyi Daga Katsina Zai Samu Matsayi a Shirin Tara Maki na Kamfanin Jirgin Sama, da Abin da Ya Kamata Ya Duba a Ɗakin Hutu na Filin Jirgi

Mafi yawan mutanen Katsina da Daura da ke fita ƙasashen waje ba daga filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua suke tashi ba, in ban da lokacin jigilar alhazai. Hanyar Kano ake bi zuwa filin Malam Aminu Kano, ko a wuce Abuja, kuma wannan ne ya kamata ya zama ma'aunin farko ga duk wanda yake son shiga shirin tara maki na wani kamfanin jirgi, domin babu amfanin yin rajista da kamfanin da ba ya sauka a inda kake tashi.

Manyan kamfanonin jiragen duniya sun kasu cikin ƙawance uku. Star Alliance, wanda aka kafa a 1997, ya ƙunshi Ethiopian Airlines da EgyptAir da Turkish Airlines. Oneworld, na 1999, shi ne gidan Qatar Airways da British Airways da Royal Air Maroc. SkyTeam kuma, na shekarar 2000, yana da Saudia da Kenya Airways da Air France da KLM. Emirates ba ya cikin ko ɗaya, haka nan babu kamfanin Najeriya da ke ciki. Muhimmancin ƙawancen shi ne, matsayin da yawan tafiya ya samar maka a kamfani guda ana girmama shi a wajen sauran 'yan ƙawancen, kuma kana iya zuba makin tafiyar da ka yi da EgyptAir cikin asusunka na Ethiopian. Saboda haka ka duba inda harkarka ta fi kai ka. Ɗan kasuwar da ke zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin ta Addis Ababa ko Alƙahira, Star Alliance ya fi dacewa da shi, kuma shirin ShebaMiles na Ethiopian ne mafi kusa da hannunsa. Wanda ya fi zuwa Jidda da Madina ya duba Alfursan na Saudia, mai bi ta Doha kuma ya duba Privilege Club na Qatar Airways. Ka zaɓi guda ɗaya ka tsaya a kansa, domin makin da aka rarraba a asusu uku ba ya kai mutum ko'ina.

Rajistar kyauta ce, kuma ana yin ta a shafin kamfanin na intanet cikin 'yan mintuna. Sai dai akwai inda mutanenmu ke yawan tuntuɓe, wato rubutun suna. Dole sunan da ke asusun ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi. Idan fasfonka yana ɗauke da Mohammed, ka rubuta Muhammad a asusu, ko ka saka sunan garinku a matsayin sunan ƙarshe alhali babu shi a fasfo, kwamfuta za ta ɗauke ku mutum biyu ne, makin kuma ba zai shiga ba. Bayan ka samu lambar zama mamba, ka ba ejan ɗin da ke yankar maka tikiti, ka kuma tabbatar da idonka cewa ta fito a jikin katin shiga jirgi. Kada ka yar da katin nan sai ka ga makin ya shiga, domin da shi ake neman haƙƙi idan an manta, kuma akwai wa'adin 'yan watanni da in ya wuce ba a sauraron kowa.

Maki iri biyu ne. Akwai wanda ake kashewa wajen karɓar tikitin kyauta ko ɗaga kujera, akwai kuma makin matsayi, wanda ba a kashe shi, sai dai a ƙirga shi cikin shekara don a san matakin da ka kai. Shi na biyun ne ke buɗe ƙofar ɗakin hutu, wato ɗakin jira na musamman da ke filin jirgi, kuma a nan ne ya kamata mutum ya zauna da alƙalami ya yi lissafi kafin ya sa rai. Daga Kano zuwa Addis Ababa kusan mil 2,000 ne, daga can zuwa Guangzhou kuma kusan mil 5,000, wato zuwa da dawowa yana kama mil 14,000. A shirin Miles&Smiles na Turkish Airlines, ana samun matakin Elite da mil 40,000 na matsayi cikin wata 12, kuma yana ɗaukar shekara 2 a hannun mutum. Mai zuwa ƙasar Sin sau uku ko huɗu a shekara zai iya kaiwa irin wannan mataki, amma da sharaɗin tikitinsa na ba da cikakken maki. Kowane tikiti yana da harafi guda da ke nuna ajin farashinsa, kuma masu araha kan ba da rabin nisan tafiyar, ko rubu'i, wasu ma ba sa ba da komai. Ka tambayi ejan ɗinka wane harafi ya yanka maka kafin ka biya. Tikitin ayari da jiragen shata, irin waɗanda ake jigilar alhazai da su, yawanci ba sa shiga lissafi. Wanda kuwa tafiyarsa ita ce umara sau ɗaya a shekara, zuwa Jidda da dawowa bai kai mil 5,000 ba, don haka kada ya wahalar da aljihunsa wajen neman matsayi. A ganina duk wanda zai ƙirƙiro tafiyar da ba ta da dalili don kawai ya cike maki, ya sayi doki ne saboda ya tsinci linzami.

Abin da matsayin ke bayarwa ya danganta da mataki. A Star Alliance, matakin Silver bai wuce fifiko a jerin masu jiran kujera ba, Gold ne mai tsoka: layi na daban wajen auna kaya, shiga jirgi da wuri, fitowar jaka cikin na farko, ƙarin kilo 20 ko jaka guda, da shiga ɗakin hutu tare da baƙo ɗaya ko da tikitinka na gama-gari ne. A Oneworld sai an kai Sapphire ake samun ɗakin hutu, a SkyTeam kuma sai Elite Plus. Ga mai sarin kaya, ƙarin jakar nan ta fi komai daraja, domin kuɗin kayan da suka haura ƙa'ida a tafiya ɗaya kan isa ya ci ribar wani kason hajar. Mai iyali kuma ya lura cewa baƙo ɗaya aka ce, kuma ana buƙatar ya kasance abokin tafiyarka ne, saboda haka kada ka tunkari ƙofar da uwargida da yara huɗu kana zaton za a bar ku duka.

Ɗakunan hutun kansu ba ɗaya suke ba, ko da alamar ƙawance ɗaya ce a ƙofarsu. Mafi kyau su ne waɗanda kamfani ya gina a cibiyarsa, kamar na Turkish Airlines a Istanbul, inda ake dafa abinci a gaban mutum. A filayen da kamfani ba shi da nasa, yakan yi haya a ɗakin 'yan kwangila, wanda wani lokaci bai wuce kujeru masu laushi da shayi da biskit ba. A Doha ma akwai bambanci a cikin gida ɗaya: ɗakin Al Mourjan na masu tikitin babban aji ne, mai matsayi da ke tafiya a kujerar gama-gari kuma wani ɗakin dabam ake tura shi. Idan ka shiga, abin da za ka fara tambaya shi ne wurin salla da alwala, sannan wurin wanka, wanda gara ka sa sunanka a layinsa tun isowarka domin yana cika da sauri idan jirage sun sauka a tare. Ka duba wurin cajin waya da ƙarfin intanet. A Jidda babu giya, amma a yawancin ɗakunan sauran ƙasashe ana ajiye ta a fili, kuma a Turai da ƙasar Sin ya wajaba ka tambayi irin naman da ke cikin abinci kafin ka zuba. Ɗakuna da dama ba sa sanar da tashin jirgi da lasifika, sai ka riƙa duba allo da kanka, ka kuma ƙiyasta nisan ƙofar jirginka, domin a Istanbul tafiyar tana iya cin minti 20.

Wanda bai kai matsayi ba yana da wasu hanyoyi. Wasu ɗakunan suna karɓar kuɗi a bakin ƙofa, akwai kuma katin Priority Pass da ake biya duk shekara, wanda wasu bankuna ke haɗawa da manyan katunansu, sai dai sau da yawa ana taƙaita zaman zuwa awa 3, kuma ana iya mayar da mai shi idan ɗaki ya cika. Idan kuma jiranka a Addis Ababa ya kama tsakanin awa 8 zuwa 24 saboda babu jirgin da ya fi kusa, Ethiopian kan ba da masauki a otal bisa wasu sharuɗɗa ba tare da duba matsayi ba, don haka ka nemi ejan ɗinka ya tabbatar maka da wannan tun kafin ka bar Katsina.