Yadda za ka hana shafukan intanet kwashe muryarka

A kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago da ke Legas, mai hannu cikin kwandon tumatir ko riƙe da igiyar rago ba shi da lokacin danna haruffa. Sai ya latsa hoton makirfo ya faɗi abin da yake nema. Tun da Google ya sa Hausa cikin harsunan bincike da murya a 2024, abin ya ƙara karɓuwa. Da yawanmu mun ɗauka wayar ce kaɗai ke ji. Ba haka ba ne. A Chrome, manhajar shiga intanet ta Google, galibi sautin kan tafi manyan kwamfutocin kamfanin, a can ake mayar da shi rubutu. A 2019 ma an bankaɗo cewa Google da Apple da Amazon suna ba ma'aikatan kwangila wasu muryoyin da aka naɗa su saurara, wai don a gyara kuskuren na'ura. Lambar sirri in ta fita sai ka sauya. Murya fa, da me za ka sauya ta?

Fara da duba waɗanda ka riga ka buɗe wa ƙofa. Shiga Chrome, taɓa ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi "Settings", sannan "Site settings", sannan "Microphone". Za ka tarar da jerin shafukan da ka ba izini, har da waɗanda ka manta ka taɓa shiga. Duk wanda ba ka sani ba, cire shi. Shafin kallon sakamakon ƙwallo ba shi da haɗi da makirfonka.

Daga nan, duk shafin da ya sake neman izini, kada hannunka ya riga idonka. Karanta adireshinsa tukuna. In an ba ka zaɓin amincewa na wannan karon kaɗai, shi za ka ɗauka.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi sauran nauyi. Rufe makirfo ba ya goge abin da aka riga aka ajiye. Buɗe myactivity.google.com da asusunka, ka shiga "Web & App Activity". Akwai wani ɗan akwati na ajiye murya da sauti. In da alama a cikinsa, cire ta. Sannan ka goge tsofaffin, ka kuma saita gogewa ta kai tsaye. Ana ba da zaɓin wata 3, 18 ko 36, ni dai ukun nake ɗauka. Wanda yaron shago ya buɗe masa asusun a Computer Village da ke Ikeja, ya fara sauya lambar sirrin kafin komai, domin mai riƙe da ita yana iya shiga ya ga duk abin da ka bincika.

Ka kuma saba da kallon saman allo. A Android 12 zuwa sama, koren ɗigo kan fito in makirfo na aiki. A iPhone ruwan lemo ne. Ka gan shi alhali ba kira kake ba, ba kuma saƙon murya kake ɗauka ba, to rufe shafin.

Akwai abubuwan da ba a furta wa makirfo ko da shafin amintacce ne: BVN, NIN, lambar katin banki, da lambar da banki ke turowa ta tes. Ko ba don kamfani ba, a cikin danfo daga Agege zuwa Oshodi kunnuwa nawa ne kewaye da kai? Rubuta su da hannu.

In kuwa wani shafi ya riga ya tattara muryarka, doka tana bayanka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ba ka damar tambayar abin da aka ajiye a kanka, ka janye amincewarka, ka nemi a goge. Nemo adireshin imel ɗinsu a shafin ƙa'idojin sirri, ka rubuta musu, ka adana hoton saƙon da kwanan wata. In sun yi kunnen uwar shegu, ka kai ƙorafi Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya (NDPC) tare da wannan hoton.