Yadda za ka gane ko jewo ce hanyarka tun kafin bak

Wannan na ƙannenmu ne da ke lise, a Tawa ko a Yamai, da kuma iyaye da yayyen da ke ba su shawara. A nan Nijar labarin ƙasa, wato jewo, tare yake tafiya da tarihi tun daga kwaleji, istuwar-jewo, ba wanda ke tsallake shi. To zaɓin da ake magana shi ne ko za ka ɗauke shi da gaske, ka sa mishi ƙarfi a bak, jarabawar ƙarshen lise, har ka bi shi zuwa jami'a. Yawancin yara ba su zaɓa ba, tura su aka yi, kuma abin yana damuna sosai.

Fara da tambayar kanka mi ya ja ka. Ka zauna kai kaɗai ka faɗa ma kanka gaskiya. Wani saboda mushe, wato malamin da ke koyarwa, yana da daɗin baki, wani saboda abokanshi duk sun tafi seri A ta adabi, wani kuma babanshi ya ce, da yawa kuwa gudun lissafi ne kawai ya kai su. Son malami ba laifi ba ne, amma malami ana yi mishi canjin wurin aiki, shekara mai zuwa wani ne zai shigo aji. In ka cire mushe ka cire abokai ka ga har yanzu kana so ka san dalilin da ya sa Gaya ke samun ruwan sama wajen milimita 800 a shekara Bilma kuwa ko 20 da ƙyar, to akwai abu a cikinka.

Mai gudun lissafi kuma ya ji da kyau. Jewo ta jami'a akwai ƙididdiga a ciki, akwai ma'aunin taswira, akwai lissafin yawan jama'a da na ruwan sama, kuma yanzu aikin taswira duk a kwamfuta ake yinshi da hotunan tauraron ɗan adam. Ba lissafin ƴan seri C ta kimiyya ba ne, amma wanda in an ce mishi taswira 1/200 000 ce ya kasa gane cewa santimita 1 kilomita 2 ne a ƙasa, zai sha wahala. Gara ka gyara wannan tun yanzu.

Na biyu, gwada kanka da farar takarda. Rufe kaye, ka zana Nijar da ka. Sa jihohi 8, sa maƙwabta 7: Aljeriya, Libiya, Chadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali. Ja kogin Isa daga inda ya shigo ta Mali ya wuce Tilaberi da Yamai har Gaya, sa tsaunukan Ayar, sa Tenere, sa tafkin Chadi. Sai ka ƙara Arlit da yuraniyom, Agadem da man fetur, Malbaza da siminti, Galmi da albasa. Zanen farko ba zai yi kyau ba, ba komi. Abin da za ka duba shi ne ranka, shin ka ji kana son ka buɗe littafi ka ga inda ka kuskure ka sake zanawa, ko kuwa ka ji ka gaji ka jawo waya.

Na uku shi ne ya fi muhimmanci a wurina, ka fita waje ka yi kallo. Ɗan Adar ba shi da uzuri a nan wallahi, ƙasarmu kanta aji ce. Ka san jigawa, ka san fako, ka san fadama, to tambayi kanka mi ya sa gero ke yi a nan ba ya yi a can, mi ya sa ruwa ke gudu bisa fako ba ya shiga ƙasa har sai an haƙa ramukan tare ruwa irin su tassa ko rabin wata. Je Keita ka ga aikin da aka fara a 1984 da taimakon Italiya na farfaɗo da ƙasa, duwatsun da mata suka ɗauka a kai aka jera don tare ruwa. Je kwarin Majiya ka ga layukan itacen bedi da aka dasa don kare gonaki daga iska. In hanya ta kai ka Tabalak tsaya ka dubi tafkin, masunta a gefe, masu noman rani a gefe, makiyaya na zuwa shayarwa, kowa na bukatar ruwan nan guda. Akwai ma doka ta 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, daga nan zuwa sama yankin kiwo ne, kuma ta cikin jiharmu ta Tawa iyakar ta ratsa, ka tambayi tsofaffi ka ji yadda gonaki suka yi ta hawa arewa da rigimar da hakan ke kawowa. Har tafiyar samarinmu bida zuwa Abijan ko Libiya, wane gari ya fi fita, wane wata ake tafiya, wane wata ake dawowa, duk jewo ce.

Ɗan Yamai shi ma ga kogi a gabanshi. Ka tuna ambaliyar 2020 da ruwa ya ci unguwanni kamar Lamorde da Kirkisoy da Saga, ka tambayi kanka mi ya sa waɗannan ya ci bai ci unguwar Filato ba. In irin waɗannan tambayoyin na tsaya maka a rai, ka samu amsa babba.

Na huɗu, je ka ga wurin da idonka, zuwa da kai ya fi aike. Sashen jewo na jami'ar Abdu Mumuni yana cikin fak ɗin adabi da ilimin ɗan adam, a Haro Banda, a Damagaram ma akwai. Nemi ɗalibi ɗan shekara ta biyu ko ta uku, ka ce yaya don Allah nuna mini kayenka, mi kuke yi a shekarar farko, kuna fita daji aikin gani da ido, wane darasi ne ya fi kayar da mutane. Su ba za su ɓoye maka ba.

Sai maganar aiki, wadda ita ce iyaye za su fara jefo maka. Baba zai ce to in ka gama mi za ka ci. Kar ka yi fushi, tambayar tana kan hanya, ka je mishi da amsa. Akwai koyarwa a kwaleji da lise ta hanyar ENS, makarantar horar da malamai. Akwai IGNN masu taswirar ƙasa, akwai INS masu ƙidayar jama'a, akwai Agrhymet da aka kafa a 1974 bayan babban fari, nan Yamai take, masu bin damina da amfanin gona na ƙasashen Sahel, hukumar kogin Isa ta ABN ma mazauninta Yamai. Ga ma'aikatun magajin gari da aikin tsara filaye, ga ƙungiyoyi masu aikin karkara. Amma ka faɗa mishi gaskiya, lisans kaɗai ba ta buɗe waɗannan ƙofofin da sauƙi, wanda ya iya zana taswira a kwamfuta ya yi sitaj ya ƙara da mastar shi ke gaba. Manhajar QGIS kyauta ce, in ka samu aron kwamfuta a hutu fara taɓa ta. Ƙanwata ke ma da ke nake, kar wani ya ce miki aikin daji ne na maza.

In ka yanke shawara, sauran aiki na aji ne. Bar haddar kaye kalma da kalma, kowane darasi ka yi mishi ƙaramin zane da hannunka, ka koyi karanta jadawali da rubuta sharhi mai tsari cikin faransanci mai kyau don da shi za a duba takardarka. Nemi tsofaffin tambayoyin bak wurin ƴan tarminal da suka wuce, ku haɗu ku uku ko huɗu ku riƙa yi da agogo, sannan ka kai ma mushe ya gyara maka. Kuma ka fara tun daga segond, ajin farko na lise, kar ka bari sai zafin Afrilu na shekarar jarabawa.