Yadda Mazaunin Kaduna Zai Bi Sawun Kakanninsa

Kaduna gari ne sabo, domin sai a 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, saboda haka mafi yawan gidajen Tudun Wada da Kawo da Unguwar Rimi da Kakuri suna da wani gari da kakansu ya baro, ko aikin reluwe ne ya kawo shi, ko soja, ko masaƙar da aka buɗe a Kakuri a 1957. Sunan wannan gari, da sunan gundumar da yake ƙarƙashinta a zamanin En'e, shi ne abu na farko da mai bincike zai nema, domin da sunan ƙasa aka jera tsofaffin takardu, ba da sunan mutum ba.

A fara da tsofaffin gida, kuma ina ganin mata sun fi riƙe wannan ilimi. Gwaggo ko kaka ta san wanda ya auri wance, da wadda aurenta ya mutu ta koma gidansu da goyo, da ɗan da aka ba wani riƙo har ya tashi da sunan mariƙinsa. A je da goro da ladabi, a nemi izinin ɗaukar murya a waya, kuma kada a tambaye ta shekara da lamba. A ce mata, "Gwaggo, lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, an yi miki aure?" Zuwan nan a 1956 aka yi shi, kamar yadda annobar mura ta faɗo a 1918, canjin kuɗi zuwa naira kuma a 1973. A rubuta sunan yanka da laƙabi da sana'a da irin tsagar fuska, har da kirarin gidan idan akwai, domin sau da yawa maroƙa sun adana jerin kakanni a cikinsa.

Game da ƙidaya, kada a sa rai da yawa. An yi ta a 1921 da 1931 da 1952 da 1963, amma abin da aka buga jimillar mutane ce ta lardi da gunduma, ba jerin sunayen magidanta ba. Abin da ya maye gurbinta a wurinmu shi ne takardun haraji. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon akwai fayilolin larduna masu alamar ZarProf da KanoProf da SokProf, da na sakatariyar Arewa masu alamar SNP, kuma a cikinsu akwai rahotannin da jami'an mulki suka rubuta sa'ad da suke ƙiyasta haraji da jangali, inda suka ambaci hakimai da dagatai da asalin mazauna ƙauyuka. A kula da sauyin iyakoki: ƙasar Katsina ta zauna ƙarƙashin lardin Kano, sannan lardin Zariya, kafin ta zama lardi mai zaman kansa a 1934. A kuma gwada kowace siffa ta suna, domin Bature yakan rubuta Mamman ko Momo a madadin Muhammadu, Garuba a madadin Abubakar. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, yana da rubuce-rubucen Larabci da ajami da tsofaffin jaridu.

Aure kuwa, a wurin Musulmi da waliyyi da shaidu da sadaki yake ɗauruwa, ba a cika rubuta shi ba a da. Inda yake barin sawu shi ne kotun alƙali, idan aka kai ƙarar saki ko rabon gado, kuma takardar gado ta fi kowace daraja, domin dole ta lissafa matan mamaci da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Galibinsu da Larabci ne, don haka a tafi da malamin da ya saba da rubutun hannu na da. Iyalan Kirista su nemi rajistar baftisma da ta aure a majami'ar da kakanninsu suka halarta.

Idan aka ce kaka ya tafi bai dawo ba, a tambayi gabas ya yi ko yamma. Masu tafiya Makka a ƙasa ta Chadi da yawansu sun tsaya a Sudan, musamman Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, garin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Fataken goro sun zauna a zangon Salaga da Kumasi, wasu kuma suka dawo a 1969 lokacin da gwamnatin Ghana ta kori baƙi. A irin waɗannan wurare, sarkin zango ko limamin unguwa ake fara yi wa sallama, a ba shi sunan kakan da garinsu da sana'arsa, shi kuma ya haɗa mai nema da dattijon da ya san gidan.