Katin Ko-ta-kwana: Kurakuran da Muke Yi Wajen Zaɓen Katin Banki na Biyu

Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare ne, a wani kantin magani da ke kusa da asibitin da aka kwantar da kawuna a cikin birnin Katsina. Likita ya rubuta allurai, ya ce kada a kai asuba ba a fara su ba. Yaron kantin ya zura katina a na'ura, na danna lambar sirri, muka zuba wa ɗan allon ido. Takarda ta fito, ta nuna kuɗi bai shiga ba. Kafin in ɗago kai wayata ta yi ƙara, an zare kuɗin daga asusuna.

"Alhaji, bai shigo ba fa. Ko akwai wani katin?"

Akwai kuwa. Na ciro na biyun, wanda na daɗe ina ajiye da shi saboda irin wannan rana. Shi ma ya ƙi. A nan na lura da abin da ban taɓa kawowa a raina ba: duka biyun na banki ɗaya ne, ɗaya na asusun ajiya, ɗaya na asusun kasuwanci, kuma bankin ne gaba ɗaya ya ɗauke a daren. Sai da na tashi maƙwabcina daga barci ya turo kuɗin, sannan aka ba ni alluran.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma shi ya fi sauƙin gyara. Kati na biyu ba shi da amfani idan abin da ya kayar da na farko zai kayar da shi. A ƙarshen shekarar 2024 manyan bankuna da dama sun sauya manhajar da suke aiki da ita, mutane suka yi kwanaki suna fama kafin abubuwa su daidaita. A watan Yunin shekarar ne kuma Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage. Hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin da ake ajiyewa a banki, tana biyan masu ajiya har naira miliyan 5 idan bankin kasuwanci ya rushe, amma biyan yana bin layi da takardu, ba ya zuwa a daren da kake tsaye gaban mai magani. Haka kuɗin da na'urar POS ta zare ba tare da ya shiga ba: ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2020 ta ba da awa 72 a mayar da shi, mara lafiya kuwa ba ya jiran awa 72. Don haka ka buɗe asusu a wani banki dabam. Idan katinka na kullum Verve ne, na biyun ya zama Mastercard ko Visa, domin wani lokacin bankin lafiyarsa ƙalau, hanyar da kuɗin ke bi ce ta toshe. Asusun kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya irin su OPay da Moniepoint ma suna fitar da mutum kunya a cikin gida, tunda kusan kowane kanti daga Ƙofar Ƙaura zuwa Babbar Kasuwa yana da na'urarsu.

Abin da zan ɗan daɗe a kansa shi ne katin bashi, domin nan ne mutane ke faɗawa rami da idonsu a buɗe. Katin da yawancinmu ke riƙe da shi na cirar kuɗi ne: abin da ka ajiye shi kake ɗauka. Katin bashi kuwa kamanninsu ɗaya a ido, amma kuɗin banki ne kake kashewa, a kan za ka biya daga baya. An fi tallata shi ga ma'aikata masu albashi da 'yan kasuwar da kuɗi ke yawan shiga asusunsu, kuma kalmar da ake jawo mutum da ita daidai take da abin da yake nema: "ka ajiye shi saboda lalura." Wanda ya taɓa rasa kuɗin magani da tsakar dare ba zai ji wannan magana ya wuce ba.

Ga yadda yake aiki. Bankin zai ba ka wa'adi na 'yan makonni, idan ka biya duk abin da ka kashe a cikinsa ba a ɗora maka kuɗin ruwa. Idan ba ka biya duka ba, kuɗin ruwa ya hau kan ragowar, wata bayan wata. A takardar da za a turo maka akwai wani ƙaramin adadi da ake cewa shi ne mafi ƙarancin abin da za ka biya, kuma mutane da yawa suna ɗauka da zarar sun biya shi sun fita. Ba su fita ba, tarar jinkiri kawai suka kauce wa, uwar bashin tana nan tana haihuwa. A ɗauka ka kashe naira dubu 500, kuma kuɗin ruwan kashi 3 ne cikin ɗari a wata. Dubu 15 ke nan duk wata, ba tare da ka rage ko kwabo daga ainihin bashin ba. Mafi muni shi ne cirar tsabar kuɗi da irin wannan kati, domin a mafi yawan yarjejeniyoyi babu wa'adin sassauci a kansa, daga ranar da ka cira lissafi ya fara, ga kuma caji na musamman. Lalurarmu kuwa sau da yawa tsaba take nema.

Kada kuma mutum ya ce in abin ya yi tsanani zai bar musu asusun ya koma wani banki. Tun watan Agustan 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar bin lambar BVN ɗinka ya ɗebi abin da yake binka daga asusunka na wasu bankunan, muddin ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓar bashin. Sunanka kuma zai shiga rajistar masu taurin bashi, ya biyo ka ranar da kake neman jari na gaske.

Sai batun addini, wanda a wurinmu shi ne kan gaba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin bashin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi ya cika. Na san akwai masu cewa ai ni kullum kan lokaci nake biya. To katin da aka ajiye saboda lalura, ranar da za a taɓa shi ita ce ranar da aljihu ya fi ƙuntata, wato ranar da biya kan lokaci ya fi wuya. A ganina guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka riƙa zuba wani abu a asusun na biyu duk wata, ko dubu biyar ne, har ya kai abin da zai riƙe gidanka wata guda ko ya biya kuɗin kwanciya asibiti. Wanda yake son ya nisanci kuɗin ruwa gaba ɗaya, ga bankunan da ba sa mu'amala da shi: Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Ko a can ɗin, idan aka ce za a ba ka wani tsari na biya daga baya, ka karɓi takardar ka tafi da ita gida, ka karanta a tsanake, ka nuna wa malamin da ya san fiƙihun ciniki. Kada ka sa hannu a tsaye gaban kanta ana jiran ka matsa.

Garaɓasar tafiya ita ce tarko na gaba. Za a ce maka duk abin da ka saya ana tara maka maki, makin zai zama tikitin jirgi ko ragi a otal, kuma za ka riƙa shiga ɗakin hutun manyan baƙi a filin jirgi. Ba ƙarya ba ne, amma ka ɗauki biro. Idan garaɓasar kashi 1 ce cikin ɗari, wanda ya kashe dubu 500 ya sami dubu 5, kuɗin ruwan wata guda a misalin da na bayar ya cinye ta sau uku. Ga kuɗin shekara da ake cira a kan manyan katuna, ko an yi amfani da su ko ba a yi ba. Akwai ma cin karo a cikin maganar tun daga tushe: maki yana taruwa ne da yawan kashe kuɗi, katin ko-ta-kwana kuwa aikinsa zama a aljihu. Mutumin da tafiyarsa Umara ce sau ɗaya a shekara, sai Kano da Abuja a mota, ba shi aka yi wa wannan kati ba. Idan makin jirgi kake so, kamfanonin jiragen da kansu suna da rajista kyauta, Saudia na da AlFursan, Ethiopian na da ShebaMiles, kuma ba sai da katin bashi ba. Ka ba da lambarka lokacin yankar tikiti, ka kuma duba ranar da makin ke ƙarewa, domin ba ya zama har abada.

Mu koma kan masu fita waje, ko Umara, ko kai mara lafiya Masar ko Indiya, ko sarin kaya a Dubai. Kuskuren a nan shi ne ɗauka cewa katin da ya yi aiki a Katsina zai yi a Makka. Verve da AfriGo, wanda aka ƙaddamar a Janairun 2023, ƙarfinsu a cikin gida yake. Katin naira na Mastercard ko Visa ma ba tabbas ba ne: a 2022 da 2023 bankuna da yawa sun dakatar da amfani da shi a waje saboda ƙarancin dala, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, kowa da iyakar da ya sa. Ka je reshe ka tambaya ƙarara: katina yana aiki a waje, kuma dala nawa ne iyakarsa a wata? Wanda ke yawan fita gara ya buɗe asusun dala ya karɓi katinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka yi wannan tun da sauran makonni, ka kunna izinin amfani a waje a manhajar bankin, ka gwada shi da ɗan ƙaramin ciniki a intanet.

Akwai wani ƙaramin abu da ke tsayar da manyan mutane a bakin kantar otal. Bankin yakan turo lambobin tabbatarwa ta saƙon waya, zuwa layinka na Najeriya. Alhaji ya sauka Jidda, ya cire layin ya sa na Saudiyya, ko ya bar shi gida wurin uwargida saboda masu kira. Kuɗi na nan, kati na nan, lambobi sun tafi Katsina. Ka tafi da layin a waya mai layi biyu, ka tabbatar an buɗe masa karɓar saƙo a waje, ko ka nemi bankin ya haɗa maka da imel. Idan kuma na'ura a can ta tambaye ka ko a caje ka da riyal ko da wani kuɗin, ka zaɓi kuɗin ƙasar da kake ciki, domin canjin da na'urar ke yi da kanta yawanci ya fi tsada. Otal kuma yakan riƙe wani adadi a kati a matsayin jingina, ya ɗauki kwanaki kafin ya sake shi, saboda haka kada ka miƙa katin da guzurinka duka ke ciki.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma su ke kashe kati a ɓoye. A sa duka biyun a jaka ɗaya, ɓarawo ya ɗauke su tare a cunkoson tasha. A rubuta lambar sirri a takarda a naɗe da katin, ko a yi amfani da shekarar haihuwa. A aiki yaro wurin mai POS da kati da lamba, ko a bar mai POS ya juya katin yana kallon lambobi ukun da ke baya, waɗanda da su ake sayayya a intanet. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirri ko lambobin da aka turo maka, duk daɗin bakinsa, ko da ya kira ka da cikakken sunanka. Sannan kati yana da ranar ƙarewa a jikinsa, asusun da aka daɗe ba a taɓa ba kuma banki na iya dakatar da shi. Ni duk farkon wata nakan sayi mai ko katin waya da na biyun, don in ga yana numfashi. Lambar da ake dannawa a toshe asusu, wadda kowane banki ke da tasa, na rubuta ta a takarda na ba uwargida ta ajiye, saboda ranar da waya da jaka za su tafi tare.

Mu mutanen Katsina mun ga rana biyu da ya kamata su zauna mana a rai. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, Batsari, Dutsin-Ma da Funtuwa. Na'urar POS ba ta aiki sai da sabis, don haka mai katuna biyar da wanda ba shi da ko ɗaya suka zama daidai, mai tsaba a hannu ne ya ci kasuwa. A farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, abin ya juye: tsabar ce ta ɓace, masu POS na yankar kaso mai tsoka kafin su ba ka kuɗinka, mai asusu a banki biyu ne ya riƙa samun hanyar tura kuɗi idan ɗaya ta cushe. Shi ya sa kati na biyu yake tafiya da 'yar tsaba a gefe, ba mai yawan da za ta jawo ido ba, daidai kuɗin mota da abinci da magani na kwana biyu ko uku. Wanda zai tsallaka Maraɗi ta Jibiya, ko ya bi ta Daura da Kwangwalam zuwa Damagaram, ya canji sefarsa wurin 'yan canjin da ya sani tun kafin ya kai iyaka, ya raba ta gida biyu, rabi a aljihun gaba, rabi a aljihun 'yar ciki tare da katin na biyu.