Yadda Ake Zuwa Rijiyar Kusugu Daga Katsina a Motar Haya, a Dawo Ranar

Akwai Bakatsinen da ya je har Legas ya ga teku, amma bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba, alhali tsakanin Katsina da Daura kusan kilomita 80 ne kacal. Abin yana damuna ƙwarai. Ba sai kana da mota taka ba, motar tasha ta isa ta kai ka ta dawo da kai kafin magariba.

Fara da zaɓen rana. In hawa kake son gani, ka nufi Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, ko Hawan Magajiya lokacin Sallah. Sai dai a irin waɗannan ranaku mota kan yi wuya, kuɗinta ya hau, gari ya cika maƙil. In zuwan farko ne, shawarata ka je ranar da babu hidima, don ka samu mai ba ka labari a natse.

Daga nan sai sammako. Ka isa tasha wajen ƙarfe 7 na safe. Motocin KTSTA na gwamnatin jiha sun fi sauƙin kuɗi, ƙananan motoci irin Golf da Sharon kuma sun fi saurin cika. Tambayi ɗan kamasho wacce ke lodi. Zai ce maka, “Alhaji shigo, saura mutum ɗaya!” Kar ka ɗauki maganarsa, leƙa ka ƙirga da idonka, don wani lokaci na zaune a ciki ba matafiya ba ne, an zaunar da su ne motar ta yi kamar ta kusa cika. Gidan gaba mutum biyu ake sawa, saboda haka in da dattijo kake tafe, biya kujera biyu ya sake. Ka riƙe ƙananan kuɗi a hannu da katin shaida a aljihu.

Ban faɗi zancen sammakon nan a banza ba. Na taɓa ɗauko gwaggona bayan azahar, wadda ta shekara tana roƙon in kai ta. Muka zauna cikin mota ana ta “saura ɗaya” har aka kira la'asar. Ba ta ce mini komai ba, fifita kawai take yi da gefen mayafi. Mun isa rana ta yi sanyi, muka kalli rijiyar a gurguje muka juyo. Har yau abin na cina.

Hanyar ta bi ta Mashi da Shargalle. Da tsaye-tsayen sauke fasinja da shingayen jami'an tsaro, ka ƙaddara awa ɗaya da rabi. Da kaka za ka ga dammunan gero jibge a gonaki hagu da dama.

Da ka sauka a Daura, tari keke Napep ko ɗan kabu-kabu ka ce “Kusugu”. Ku gama ciniki kafin ka hau. Rijiyar tana cikin tsohon gari, an yi mata gini an killace ta. Yi sallama, ka gaida masu kula da wurin kamar yadda za ka gaida mai gida, sannan ka zauna a ba ka labarin, ko da ka san shi tun firamare. Ji daga bakin mutumin Daura, kana kallon bakin rijiyar, daban ne. Za ka ji yadda maciji mai suna Sarki ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, yadda baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ya karɓi guga cikin dare ya je ya sare kan macijin, da yadda ya auri Sarauniya Daurama, aka haifi Bawo, wanda ake jingina asalin Hausa Bakwai ga zuriyarsa. In da yara ka je, bar su su yi tambaya. Nemi a jawo maka ruwa da guga ka sha, ka tafi da gora ka ɗebo wa na gida. Kafin ka ɗaga waya don hoto, nemi izini. In za ka fita, ka yi wa masu hidimar wurin ihsani, ba sai sun roƙa ba.

Sai ƙofar fadar Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda ya hau gadon sarauta a 2007. Kar ka kutsa kai. Gaida dogarai, ka gaya musu baƙo ne kai daga Katsina, su za su nuna maka inda za ka iya tsayawa.

Yi azahar a gari, ka sha fura da nono, ka koma tasha kafin la'asar. Motocin yamma ba sa saurin cika, tafiyar dare kuma ba na ba kowa shawararta.