Minti uku na numfashi kafin a buɗe littafi

Malamai, idan ɗalibai sun dawo daga tara, kada ku ɓata minti goma kuna tsawa. Ku ba su minti uku na numfashi.

Kowa ya zauna, ƙafa biyu a ƙasa, baya a miƙe, hannu ɗaya a kan ciki. A shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu a zuci, a fitar a hankali ana ƙirga shida. Sau goma. Ku ce su lura da yadda ciki ke tasowa yana sauka a ƙarƙashin tafin hannu. In hankali ya tafi wani wuri, a dawo da shi, ba faɗa.

Fitarwar ce ke aikin. Idan ta fi shaƙar tsawo, bugun zuciya yakan ragu, jiki ya saki. Ku ma ku yi tare da su, kuna buƙatarsa.

'Yan aji ɗaya da biyu ba sa kai shida, ku rage musu zuwa uku da huɗu. Kada a tilasta rufe ido, kallon benci ya wadatar. Wanda ya ji jiri ko mai asma ya daina nan take. Yaron da bai karya ba kuwa, abinci yake buƙata.

In za ku ƙara miƙa irin ta yoga, wato wani salon motsa jiki, hannu sama da juya kafaɗu sau biyar ya isa. Asalinta daga Indiya ne, wasu iyayen suna ɗari-ɗari da ita, don haka ku yi musu bayani tukuna a taron iyaye da malamai.