Yadda za ka sa yaronka a harkar boksin a Accra

Jama'ar Nima da Mamobi, in yaronka kullum sai naushin 'yan layi yake, to ka shiga trotro da shi zuwa Bukom wajen Jamestown, can ne gidan boksin a Ghana. Richard Commey ma a can ya koya, shi ne ya ci belt din zakaran duniya na hukumar boksin ta IBF a ajin marasa nauyi, wato lightweight, a 2019 da ya doke Isa Chaniev a zagaye na 2.

Ranar farko kar ka siya komai, ka zauna ka kalli koci tukun, in ka ga yana sa sabbin yara su daki juna ba hular kare kai, wallahi ka kama hannun danka ku tafi. In wajen ya kwanta maka sai ka nemi bandeji na nade hannu da robar baki da igiyar tsallake, safar boksin tana iya jira.

Sai maganar nauyi, lightweight ba ya wuce fam 135, wato kilo 61 da dan kadan, don haka waakye da tuwo sai da awo, gudun asuba kuma dole ne.

Kuma ka gaya masa faduwa na zuwa, Commey ya sha kaye hannun Robert Easter a 2016 kafin ya samu belt din, Teofimo Lopez kuma ya kwace shi a Disamban 2019.